Kaset ɗin Inna da shagon da ya mayar mini da shi Hausa

Tun ranar da na tura muryar kakata a zauren WhatsApp na danginmu ake ta kirana. Wannan ta ce a ina aka gyara kaset ɗin, waccan ta ce wa ya yi fassarar, wani kuma kuɗin kawai yake son ji. Na ga gara in rubuta sau ɗaya, mai irin buƙatata ya san abin da zai tarar. Ba zan kama sunan shagon ko na masu shi ba, domin akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba na son ƙorafina ya zame wa mutanen kirki tambari. Shago ne ƙarami a cikin garin Sakkwato, irin waɗanda ake tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a waya, da zaure a bayansa.

Kaset ɗin a adakar mahaifina muka same shi bayan rasuwarsa, a naɗe cikin tsohuwar hula. TDK ne mai minti 90, an rubuta "Inna" da biro a jikinsa, ba a ƙara komai ba. Baba ya ɗauke shi da rediyonsa mai kaset cikin shekarun 1980, a gidanmu na ƙauye wajen Wurno. Na san akwai shi, na taɓa jin sa ina yarinya, amma ban taɓa sanin abin da Inna, wato kakar tawa, ke faɗa ba. Da Fillanci take rerawa, ni kuwa Fillancina gaisuwa ce da sunayen abinci. Gidaje da yawa a ƙasar Sakkwato haka muke: kakanni da Fillanci, iyaye suna ji ba sa mayarwa, mu kuma Hausa zalla.

Aikin kashi biyu ne, kuma mutum biyu ke yin sa. Saurayin da ke tsaron shagon shi ke fitar da sauti daga kaset ya sa a kwamfuta. Kawunsa, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyar da Larabci, shi ke saurare ya rubuta ya fassara. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka.

Da na miƙa kaset ɗin, saurayin bai sa shi a inji ba. Ya ɗaga shi ya duba ta wajen haske, ya ce, "Hajiya, in na kunna shi a haka zai cinye." Ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zaren ya faɗi, zaren kuma ya tsinke kusa da farko. A gabana ya kwance sukuru biyar, ya buɗe gidan kaset ɗin a kan farar takarda, ya ɗauke ƙafafun zaren biyu da yatsa kamar mai ɗaukar ƙwai, ya mayar da su cikin wani gidan mai lafiya. Inda ya tsinke ya yanke bakin biyu a karkace, ya haɗa da ɗan siririn salatif ta baya. Sannan ya zura biro ya juya zaren a hankali daga farko har ƙarshe, ya sake dawo da shi, don ya saki jikinsa bayan shekaru yana naɗe. Sai da ya gama duk wannan ya kunna. Ba a iya gaggauta wannan mataki, minti 90 na kaset minti 90 ne na zama. Na zauna a kan benci ina jin kakata tana fitowa daga sifika, ga masu sayen caja suna shiga suna fita. A wannan ɓangaren ba ni da abin cewa sai sambarka.

Matsalar ta zo ne da ya ba ni sautin da ya ce ya "wanke". Akwai manhajar da ke cire hayaniya, ya kuwa sake mata hannu. Shuuu ɗin kaset ya tafi, gaskiya ne, amma ya tafi da abubuwan da ni nake nema. A kaset na asali ana jin daka daga nesa, ana jin zakara, akwai inda Inna ta tsaya ta yi tari Baba ya ce mata "Sannu, Inna, ci gaba." Duk sun dushe, muryarta kuma ta koma kamar mai magana cikin tulu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Allah ya sa bai goge na farkon ba, ya ba ni duka biyun a filashi bai ƙara ko kwabo ba, kuma ya karɓi maganata ba musu. Duk wanda zai kai kaset, ya faɗa tun farko cewa yana son ɗanyen sautin yadda ya fito, wankakken ya zo daga baya in ana so. Ni yanzu ɗanyen kawai nake saurare.

Aikin Malam shi ne dalilin wannan rubutu.

Ranar farko ya sa abin ji a kunne, ya lumshe ido, ya saurari fuskar farko ta kaset ɗin gaba ɗaya bai ce uffan ba. Da ya cire sai ya ce mini waƙoƙi uku ne. Biyu a ciki ya san su, na gidan Shehu ne, ɗaya ma baitoci ne daga waƙar Nana Asma'u wadda Hausawa suka sani da Waƙar Gewaye, mai ba da labarin yawon Shehu da jama'arsa da hijirar da aka yi zuwa Gudu a 1804. Ya ce, "Ɗiyata, wagga ba ni taɓa ta. Wanda yaf fi ni ya riga ya yi." Yana nufin Isa ɗan Shehu, wanda ake ce wa Isan Kware, ƙanen Asma'u da aka haifa a 1817, shekarar da mahaifinsu ya rasu. Shi ya mayar da waƙoƙin yayarsa da dama daga Fillanci zuwa Hausa, har da wannan. Abin da Malam ya yi kawai shi ne ya rubuta baitocin yadda Inna ta rera su, ya ajiye na Isa a gefensu, ya sa alama inda ta tsallake baiti ko ta sauya kalma. Bai caje ni kuɗin fassara a kan waɗannan biyun ba, kuɗin rubutu kawai. Da ya fassara da kansa ya karɓi kuɗi, ba yadda zan yi in gane. Daga nan hankalina ya kwanta da shi.

A nan na fahimci cewa abin da na zo nema tsohon aiki ne a garin nan. Shehu Usmanu ya yi waƙoƙi da yawa da Fillanci, don mutanen da ba su iya karanta littattafansa na Larabci. Da daula ta kafu, mafi yawan talakawa Hausa suke ji, sai 'ya'yansa suka shiga juya waƙoƙin. Tabbat Haƙiƙa da ake rerawa har yau, Shehu ya yi ta da Fillanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama ƙwar biyar. Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta rubuta da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma waƙoƙin nan ne jajis ɗinta, wato matan da ta horar don su koyar, suke haddacewa su kai wa matan ƙauyuka, abin da ake kira 'Yan Taru. Malam ya ce irin wannan hanya ce ta kai baitocin har bakin Inna, daga tsohuwa zuwa tsohuwa, ba takarda.

Waƙa ta uku ita ce aikin. Gajera ce, baiti goma sha ɗaya, kuma ba ta cikin waɗanda aka rubuta aka adana. Malam ya ce marsiyya ce, abin da ake kira sonnore da Fillanci, mace ce ke kukan wata mace. Harshenta mai sauƙi ne, da 'yan kalmomin Hausa tsamo-tsamo, alamar a cikin gida aka yi ta.

Ya tambaye ni wace irin fassara nake so. Ban san akwai iri-iri ba. Ya ce akwai ta ma'ana, irin wadda ake yi a makarantar zaure: a karanta guntu a fassara guntu, kamar yadda malamai ke bi da Ishiriniya ta Alfazazi ko Burda ta Busiri, ba ruwanka da daɗin ji. Akwai kuma ta rerawa, wadda za ta hau karin asali ta riƙe amsa-amo, har mutum ya iya rera ta da muryar da aka rera ta farkon. Ya ƙara da wani abu na uku da ya ce kada in rikita shi da fassara, wato aron murya: a ɗauki sautin waƙar wasu a zuba masa kalmomin da ba su da alaƙa da na asali, kamar yadda Abdu Yaron Goge ya yi da sautin waƙoƙin Indiya, da yadda wasu masu bandiri a Kano suka ɗora yabon Annabi a kan irin wannan sauti. Bai kushe shi ba, ya dai ce sunansa daban. Na ce ina son biyun farko. Kuɗin duka, har da gyaran kaset, bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, kuma a ganina ya yi araha ga wahalar da ke ciki.

Takardar da ya ba ni layi huɗu take da su ga kowane ɗango: Fillanci da ajami da hannunsa, Fillanci da boko, ma'ana kalma bayan kalma, sai fassarar rerawa. A ƙasan kowane baiti akwai ɗan bayani da jan biro. Wannan jan biron shi ne abin da ya fi komai daraja a wurina, don a nan yake faɗar abin da ya rasa da abin da ya ƙara.

Baiti na huɗu muka fi daɗewa a kai. Akwai kalma ɗaya a cikinsa, enɗam. Malam ya ce in aka tambayi kowa zai ce zumunci, kuma ba ƙarya ba ne. Amma kalmar daga enndu ta fito, wato nonon uwa, don haka zumunci ne na waɗanda suka sha nono ɗaya, da tausayin da ke biyo bayan haka. Sannan ya nuna mini abin da ban taɓa ji ba. Fillanci ya kasa sunaye rukuni-rukuni, sun haura 20, kowane rukuni da irin ƙarshensa. Akwai rukunin abubuwa masu ruwa-ruwa, su ne ke ƙarewa da -am: ndiyam ruwa, kosam nono, ƴiiƴam jini, nebbam mai. Enɗam a cikinsu yake. Wato Bafillace in ya ce zumunci, harshensa ya riga ya jera shi da ruwa da nono da jini, abu ne da ake sha, yake gudana, yake iya ƙafewa. Mai waƙar kuwa da wannan -am ɗin ta yi amsa-amonta, daga ruwa zuwa nono zuwa jini zuwa zumunci, baiti bayan baiti. A Hausa, ruwa da nono da jini da zumunci ba wanda ya yi kama da wani a ƙarshe. Malam ya ce wannan sarƙar ba yadda za a yi ta tsallako, ya kuma rubuta haka da jan biro: an rasa ta.

Ma'anar baitin kalma bayan kalma ita ce: enɗam ɗin da ke tsakaninmu bai ƙafe ba, ko da yake ƙasa ta rufe ki. Ga yadda ya mayar da shi na rerawa:

Zumuncinmu mun sha shi, nono guda,
Ƙasa ta rufe, shi yana nan gida.

Kalma ɗaya ta Fillanci ta ci ɗango guda na Hausa, don sai da ya kawo sha ya kawo nono kafin zumuncin ya koma abu mai ruwa. "Bai ƙafe ba" ta fita, "yana nan" ta maye gurbinta. "Gida" kuwa babu ita a asali sam, shi ya sa ta don ta amsa "guda", ya kuma faɗa. Na tambaye shi ko ba zai yiwu a riƙe ƙafewar ba, don ita ta fi taɓa ni. Ya gwada a gabana sau uku, yana buga gwiwarsa da yatsu, gaɓa mai sauƙi ɗaya, masu nauyi biyu, fa'uulun fa'uulun, karin da masu aruli ke kira mutaƙarab. Duk yadda ya juya, ko dai karin ya karye ko Hausar ta yi tauri. Ya ce, "Ki riƙe ta ma'ana don sani, ki riƙe wagga don rerawa. Guda ba ta isa." Har yanzu ina jin rashin "bai ƙafe ba". Amma da ya kunna muryar Inna ƙasa-ƙasa ya bi ta da Hausar, kowace gaɓa ta faɗa inda tata ta faɗa, inda ta ja shi ma ya ja. Sai na ji kamar ita ce ke faɗa mini da harshen da nake ji. Na yi kuka a zauren, matar Malam ta fito ta kai ni ciki ta ba ni ruwa.

Ba duka baitocin suka kai wannan kyau ba. Na bakwai da na takwas, a fassarar rerawa, sun cika kalmomin Larabci irin na malamai, alhali asalin maganar tsakar gida ce, ta ƙwarya da turmi. Inda mai waƙar ta ce wa za ta kira in dare ya yi, Malam ya kawo wata kalma mai nauyi wadda ban taɓa jin tsohuwa ta faɗa ba. Na gaya masa. Ya yi shiru, ya ce sabo ne na mai karantarwa, ya gyara na bakwai, na takwas kuma ya ce kari ya hana. Ban gamsu da na takwas ba har yau, ta ma'anar nake karantawa in na zo wurin.

Ƙorafi na biyu a kan bugun kwamfuta ne. Rubutun hannun Malam tsaf yake, amma da aka buga, duk haruffa masu ƙugiya sun zube. Enɗam ta koma endam, ƴiiƴam ta lalace, dogayen wasulan Fillanci da ake rubutawa biyu-biyu an rage wasu. A Hausar ma "Ƙasa ta rufe" ta koma "Kasa ta rufe". Ga wanda ke son koya wa 'ya'yansa furucin daidai, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Wayoyinmu ma yanzu suna da waɗannan haruffa, ban ga dalilin da shagon da ke wannan sana'a zai rasa su ba. Sai da na zauna da saurayin muka bi layi-layi da takardar Malam a hannu. Shawarata, a karɓi rubutun hannun tare da bugaggen, a kuma ɗauki hotonsa.

Sai lokaci. An ce mini mako uku, aikin ya haura wata biyu, kuma ba a kira ni an sanar da ni ba, ni ke ta kira daga Kaduna. Da na je karɓa na ji dalili: kalmomi biyu ne suka tsaya wa Malam, na kayan tatsa da ba ya cikin Fillancin littafi, sai da ya sami zuwa ƙauye ya kunna wa wata tsohuwa wurin ta warware masa. Jinkirin na yafe shi da zuciya ɗaya, shirun ne bai kamata ba. Ba sa ba da rasit, kuma ba wata yarjejeniya a rubuce game da sautin da ya rage a kwamfutarsu. Shago ne da sana'arsa tura wa mutane abin saurare, don haka na faɗa ƙarara cewa muryar kakata ba ta turawa ba ce, aka goge a gabana bayan na tabbatar nawa yana buɗewa. Kowa ya yi haka, musamman in muryar matan gida ce.

Wanda ke da kaset na Fillanci ko na Larabci, na tsoho ko tsohuwar da ta riga mu gidan gaskiya, zan tura shi wurin nan ba tare da shakka ba, da sharuɗɗan da na lissafa. Wanda ke gaggawa, ko yake son a ba shi waƙa mai daɗi kawai ba ruwansa da abin da aka sauya, jan biron Malam zai gundure shi. Kada kuma a jira. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, masu jin irin wannan tsohon Fillancin kuma tsufa suke yi.

Da na koma Kaduna na kai wa Goggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage mai jin Fillanci sosai a ɗakinsu. Na sa mata ɗanyen sautin. Ta saurari biyun farko tana gyaɗa kai. Da aka shiga ta ukun sai ta kama hannuna ta ce in tsayar. Ta ce wannan ai Inna ce da kanta ta yi ta, ga ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya da ta rasu wajen haihuwa, tun kafin a haifi Baba, kuma ba ta rera ta sai in ita kaɗai ce ko da dare. Ta yi mamakin yadda Baba ya shawo kanta ta yarda aka ɗauka. Na karanta mata Hausar Malam, ta ce in maimaita baiti na huɗu, na maimaita. A baiti na tara kuma ta ce akwai gyara: kalmar da Malam ya ɗauka sunan wuri ce, laƙabin marigayiyar ne da ake kiranta da shi a gida. Na rubuta a gefen takardar da fensir. Hutun ƙarshen zango zan koma Sakkwato in kai masa gyaran, tare da wani kaset da Goggo ta ciro daga ƙasan akwatinta, wanda ta ce muryar kakanmu namiji ce.